Rufi A Ɗage, Lodi Har Sama: Hatsarin Da Ke Bin Hanyoyin Sakkwato

Daga Wakilinmu a Sakkwato

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin hanyar Illela da la'asar sakaliya ranar Lahadi, wato lokacin da kasuwa ta fara watsewa motoci suka ɗauko hanyar birni, ba ya bukatar dogon bayani a kan abin da za mu tattauna yau. Zai ga a-kori-kura ta taho gabanta a sama bayanta a ƙasa, an jera mata buhuna har sun yi ninkin tsawonta, an lulluɓa tanfol an ɗaure kusurwa uku an bar ta huɗu tana kaɗawa, sa'an nan can bisa ƙololuwa ga samari huɗu ko biyar zaune, sun rufe fuska da rawani saboda ƙura. Zai ga kanta ta biyo ta tana rangaji, in ta shiga rami sai kayan su karkata dama, in ta fita su komo hagu. Masu kallo a gefen hanya sukan riƙe baki su ce Allah Ya kai su lafiya, kuma sau da yawa Allah Yana kai su. To, amma ranar da ba a kai ba, labarin yakan ƙare ne a Asibitin Koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo, ko asibitin ƙashi na Wamakko, ko kuwa a maƙabarta.

Abin da ya jawo wannan magana wata irin mota ce wadda dattawan garin nan ba za su manta da ita ba. A shekarun 1970 da na 1980, kafin tashe-tashen hankula su rufe hanyoyin Sahara, Turawa 'yan yawon buɗe ido sukan keto hamada daga Aljeriya, su biyo ta Tamanrasat da Agadas da Tawa, su sauko Birnin Ƙonni, waɗansu su tsallako Illela su kwana Sakkwato, musamman in tafiyarsu ta yi daidai da bikin kamun kifi na Argungu. Galibinsu da gidajensu suke tafe, domin motocin nan nasu, irin su kombi ƙirar Volkswagen da Land Rover, a ciki ake kwana, a ciki ake girki. Abin da ya fi ba yara mamaki shi ne rufin. Da Bature ya sami inuwa ya tsaya, sai a ga ya kwance waɗansu 'yan ƙarafa ya tura rufin sama, mota ta ƙara tsawo, ɗaki ya samu wanda mutum zai miƙe tsaye a ciki. Gari na wayewa sai ya jawo rufin ƙasa, ya zagaya ya kulle kowace kusurwa, ya girgiza ya ji ta kama, sa'an nan ya ta da inji.

Har gobe ana ƙera irin waɗannan ɗakuna a Amurka da Jamus da Ostareliya, har da waɗanda ake ɗorawa a bayan a-kori-kura a sauke in an ga dama. Wani kamfani mai suna Four Wheel Campers tun 1972 yake wannan sana'a a Amurka. Rufin na gorar ruwa ne mara nauyi ko na roba mai tauri, bangon da ke tsakaninsa da jikin ɗakin kuwa yadi ne mai kauri irin na tanti, wanda yake naɗewa in rufi ya sauko. Tambayar da masu irin wannan mota suke yawan yi ita ce, shin mutum zai iya tafiya da rufin a ɗan ɗage, ko don ya cusa kayan da suka hana shi rufuwa, ko don yadin ya sha iska ya bushe bayan ruwa? Amsar maƙeran ba ta canzawa: a sauke rufi, a kulle, kafin taya ta juya. Mai karatu zai ce ina ruwanmu da motar Bature? To, dalilan da suka sa aka hana shi, su ne dai suke kayar da motocin albasa da na shanu da na yashi a hanyoyinmu, don haka ya kamata mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Iska ba ta da tausayi

Duk Basakkwacen da ya ga farkon damina ya san yadda iska take yi wa kwanon rufi. Muddin kwano yana kafe da ƙusa ta ko'ina, guguwa za ta wuce ta bisansa ta bar shi. Amma da zarar ta sami ƙusa ɗaya da ta saki, ta cusa kai ta ƙarƙashi, sai a tsinci kwanon a gidan maƙwabta, wani lokaci har da katakon. Motar da ke gudu a kan kwalta ita ke yi wa kanta guguwa, ko da kuwa ganye ba ya motsi a gari.

Masana sun auna ƙarfin wannan iska, kuma lissafin bai da wuya. Ƙarfinta ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudun mota, gaba yake yi ya bar shi: in aka ninka gudu sau biyu, ƙarfin iska yakan ninku sau huɗu. Allon da faɗinsa mita ɗaya ne tsawonsa mita ɗaya, in aka tsai da shi yana fuskantar gaba a motar da ke gudun kilomita 50 cikin sa'a, iska tana tura shi da nauyin da ya kai kilo 11 ko 12. In motar ta kai kilomita 100, turin ya koma wajen kilo 45. In kuwa iskar gabas ce ke kaɗowa da gudun kilomita 30, direba kuma ya fuskance ta da 70, to abin da kayansa ke sha daidai yake da na mai gudun 100. Rufin ɗakin Bature mai faɗin mita 2, in aka ɗaga shi rabin mita, ya buɗe wa iska baki mai girman allon nan ke nan. Daɗin daɗawa, rufin da ke ƙasa makullai ne ke riƙe da shi, wanda aka ɗaga har ƙarshe kuma sandunansa sun miƙe sun kama, amma wanda ke tsaka-tsaki babu abin da ke riƙe da shi sosai. Iska ta shiga ta cika yadin, ta yi ta jijjiga mahaɗan har ɗaya ya karye, daga nan sai rufi ya tashi.

Tanfol ɗin da yaron mota ya ɗaure da ganda haka yake. Da farko gefe ɗaya ke kaɗawa, igiya tana goga a bakin bodi tana cinyewa, kafin a kai Gwadabawa ta tsinke. Marubucin wannan bayani ya taɓa kasancewa cikin wata motar haya a hanyar Bodinga, sa'ad da tanfol ya kwance daga wata babbar mota da ke gabansu ya zo ya lulluɓe gilashin gaba ɗungum. Abin da ya cece su shi ne direban bai firgita ya murɗa sitiyari ba, ya riƙe ta sak ya rage gudu a hankali, kuma Allah Ya sa babu mai tahowa. Da ɗan acaɓa ne tanfol ɗin nan ya samu, da sai dai wani labarin. Haka kuma katifu da kwanon rufi da falankin silin da ake ɗorawa bisa kariyar ƙananan motoci: duk abin da yake da faɗi ba shi da nauyi, fiffike ne, jira yake iska ta shiga ƙarƙashinsa.

Akwai kuma iskar da ke bugowa daga gefe. Ƙasar Sakkwato fili ce, itatuwa kaɗan ne, babu abin da ke tare iska tsakanin gona da kwalta. A watannin Mayu da Yuni, in hadari ya haɗo daga gabas, iskar da ke gabansa takan iso da ƙura farat ɗaya. Motar da aka yi wa lodi mai tsawo bango ce ke tafiya, ko'ina iska ta dafa sai ta samu wurin turawa. Ko ba hadari, in manyan motoci biyu suka yi kiciɓis a ƙunƙuntar hanya, iskar da ke tsakaninsu takan tura su sa'an nan ta zuƙo su, kuma wadda ta fi tsawo da rashin nauyi a ƙasa ita ke fara rawa.

Darasin jaki da kwalekwale

Kakanninmu fatake ba su shiga makarantar injiniya ba, amma sun san abin da direbobi da yawa suka manta. Ba a taɓa ganin Bahaushe ya tula wa jaki kaya a tsakiyar gadon baya ya yi ta jerawa sama ba. Mangala ake yi, a raba kaya biyu daidai wa daida, su sauko ta haƙarƙarin dama da na hagu. Buzayen da ke kawo gishiri da dabino haka suke yi wa raƙuma. Masu fito a gulbin Rima kuma ba su yarda fasinja ya miƙe tsaye a tsakiyar ruwa, domin jirgin da ya ɗauki mutum goma a zaune lafiya lau, in biyar suka miƙe sai ya nemi kifewa, alhali ko kilo ɗaya ba a ƙara masa ba.

Sirrin abin shi ne, kowace mota da kayanta suna da wani gurbi inda nauyinsu duka ya tattaru, wanda za mu kira cibiyar nauyi. In mota ta shiga kwana, akwai ƙarfin da ke neman fitar da ita waje, kuma a cibiyar nan yake kama ta. Abin da ke hana ta faɗuwa shi ne tazarar da ke tsakanin tayoyin dama da na hagu. Tazarar nan maƙera suka yanke ta, direba ba shi da ikon ƙara ta. Abin da ke hannunsa da hannun 'yan lodi shi ne tsawon cibiyar daga ƙasa.

Ga misali. A ɗauka mota ce wadda tazarar tayoyinta mita 2 ce, cibiyar nauyinta kuma tana mita ɗaya daga ƙasa. In aka yi ta jera buhuna har cibiyar ta hau mita 2, ƙarfin da zai kayar da ita ya ragu da rabi. Ma'ana, kwanar da a da sai ta kai gudun kilomita 70 kafin tayoyinta na ciki su bar ƙasa, yanzu a wajen 50 za su ɗaga. Wannan ma in sifirin da tayoyi ba su lotsa ba ke nan, alhali kuwa kowa ya san motar da aka danne da kaya tun kafin ta shiga kwana ta riga ta kwanta gefe. Shi ya sa babbar mota mai cikakken lodi takan faɗi a inda ƙaramar mota za ta wuce ba tare da mai ita ya taɓa birki ba. Abin takaici kuma, direban tirela ba ya jin faɗuwar tun da wuri, domin daga baya take farawa. Kafin kan motar ya karkata ya ji a jikinsa, tayoyin baya sun daɗe da barin ƙasa.

Ba kwana kaɗai ke jawo haka ba. Kaucewa rami da gaggawa, ko kaucewa akuya, ko sauka daga bakin kwalta inda ruwa ya zaizaye kafaɗar hanya sa'an nan a fizgo sitiyari don a hau, duk kwana ce ƙarama mai kaifi. Kayan da ke motsi kuwa sun fi muni. Shanun da ake ɗauka daga Illela da Achida zuwa kudu, in ba a raba su da shinge ba, gefe ɗaya suke zubewa gaba ɗaya. Gab da Babbar Salla akan kafa wa motoci bene na katako don a ɗauki raguna hawa biyu, har uku, a kuma bar masu dabbobin su zauna can bisa. Mutum goma a bisa bene sun haura rabin tan, kuma an ajiye su a daidai inda nauyi ya fi yin ɓarna. In mota ta faɗi su ne ke fara isa ƙasa, kayan kuma su biyo su.

Abin da ke jira a sama

Direba yakan san faɗin motarsa, domin kullum yana auna shi da madubi. Kaɗan ne suka san tsawonta, ƙalilan ne kuma suke sake aunawa bayan an gama lodi. A galibin ƙasashen Tarayyar Turai iyakar tsawon babbar mota da kayanta mita 4 ne, a jihohin Amurka da yawa kuwa ƙafa 13 da inci 6. Duk da haka ba su tsira ba. A garin Durham na jihar Karolina ta Arewa akwai wata gadar jirgin ƙasa wadda a da tsawon ƙarƙashinta ƙafa 11 da inci 8 ne, ta yi suna a duniya saboda motoci fiye da ɗari da ta aske wa rufi, duk da alluna da fitilun gargaɗi da aka jera kafin a iso ta. A 2019 aka ɗaga ta da inci 8, amma ba ta daina aski ba. Galibin waɗanda take kamawa mutane ne da suka hau motar da ba su saba da ita ba, suka manta akwai abu a bisa kansu.

A nan gida, motar da ta fi kama da rufin Bature ita ce tifa. Tifofin da ke kwasar yashi daga gulbi, da masu jigilar marmara da tsakuwa zuwa wuraren gini, famfon mai ne ke ɗaga bodinsu, kuma daga injin motar famfon yake samun ƙarfi ta wata giya ta musamman. In direba ya juye kaya ya manta bai cire giyar nan ba, bodi zai iya ci gaba da tashi a hankali mota tana tafiya, shi kuwa yana gaba bai sani ba. Waɗansu kuma da gangan suke yi: in jiƙaƙƙen yashi ya manne, sai su ja mota da bodi a sama su taka birki don ya zube, sa'an nan su hau titi tun bodin bai gama sauka ba, wai kada a ɓata lokaci. Bodin babbar tifa in ya miƙe yakan kai mita 5 zuwa 6, ko ma fiye. A watan Janairu na 2014 wata tifa mai bodi a ɗage ta rushe gadar masu tafiya a ƙasa a birnin Riyo na Birazil, mutane suka rasu. A watan Yuli na shekarar, wata ta daki ƙarafan babbar gadar Burlington a Kanada, aka rufe sashen gadar kwanaki ana gyara.

Birnin Sakkwato na yau ba na jiya ba ne. Ga gadojin sama irin na Rijiyar Ɗorowa da Runjin Sambo, ga allunan talla da suka ƙetare tituna, ga manyan motocin siminti da ke fitowa daga Kalambaina dare da rana. Amma abin da ya fi kusa da kowa shi ne wayar lantarki. A lunguna da sababbin unguwanni wayoyi sukan yi ciki su sauko, musamman da bazara sa'ad da zafi ke sa ƙarfe ya miƙe, ga kuma cikon da ake yi wa hanyoyi wanda ke ɗaga ƙasa ya bar waya inda take. Al'adar da yaran mota suka saba, ta tsayawa bisa kaya da sanda suna ɗaga waya mota tana wucewa, wasa ne da ajali. Ƙananan wayoyin da ke shiga gidaje ma suna kisa, balle manyan da ke ɗauke da bolt 11,000 ko 33,000, waɗanda wutarsu ke iya tsallakowa ta kama mutum tun bai taɓa su ba, sandar da ke da danshi kuma hanya ce gare ta.

In tsautsayi ya sa mota ta taɓa waya, ga abin da ma'aikatan lantarki ke koyarwa. Wanda ke ciki ya zauna a ciki, kada ya sauko, kada kuma na waje su matso. Mutuwa tana samun wanda ya haɗa mota da ƙasa da jikinsa, wato ƙafa ɗaya a ƙasa hannu yana riƙe da ƙofa. In wuta ta kama dole a fita, sai a yi tsalle a dira da ƙafa biyu a haɗe ba tare da an dafa motar ba, sa'an nan a ja ƙafa a hankali ba a ɗagawa, har a yi nisan mita 10.

Me doka ta ce?

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa a 1988 da Farfesa Wole Soyinka a matsayin shugabanta na farko, tana aiki da dokarta ta 2007 da kuma ƙa'idodin zirga-zirga na 2012. Cikin laifuffukan da take kamawa akwai lodin da ya wuce kima, da rashin rufe kaya masu zuba irin su yashi da tsakuwa, da rashin ɗaura jan ƙyalle a kayan da suka zarce jikin mota. Ta daɗe kuma tana yaƙi da haɗa mutane da dabbobi ko kaya a mota ɗaya. Littafin ƙa'idodin hanya ya yanke wa tirela da tanka gudun kilomita 45 a cikin gari, 50 a babbar hanya, 60 a tagwayen hanya. Tun watan Fabrairu na 2017 aka fara tilasta wa motocin haya sa na'urar taƙaita gudu. Mai karatu ya gwada waɗannan alƙaluma da abin da yake gani a hanyar Tambuwal zuwa Jega, ko ta Tureta zuwa Talatar Mafara, ya yanke wa kansa hukunci.

Makullin da Bature ke zagayawa yana dubawa ma yana da ɗan'uwa a manyan motocinmu, wato ƙugiyoyin da ke kama kwantena a kusurwa huɗu. A ranar 29 ga Janairu, 2023, kwantena ta faɗo kan wata motar fasinja a gadar Ojuelegba a Legas, mutum 9 suka rasu. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma, a rahotonta na 2023, ta ce kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa kowace shekara a hanyoyin duniya, kuma in aka auna da yawan jama'a Afirka ce ke kan gaba, alhali ita ce ta fi ƙarancin motoci.

Uzurin direba

Adalci ne a saurari ɗaya ɓangaren. Direban da ke ɗauko albasa daga Goronyo ko Wurno ba mahaukaci ba ne, ya fi kowa sanin motarsa tana rawa. Amma a kan buhu ake biyan kuɗin mota, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, ga tsadar gas da taya da kayan gyara, lodin da aka yi bisa ƙa'ida sau da yawa ba ya fitar da kuɗin mai da na mai mota, balle a kai wani abu gida. Mai kaya yana son a kwashe masa duka a sawu ɗaya, ɗan kamasho yana son lada mai kauri, talakan ƙauye kuma da ba shi da kuɗin kujera ya gwammace ya hau bisa buhu da ya kwana a kasuwa. Ga rashin tsaro a waɗansu hanyoyin gabashin jihar, wanda ke sa kowa gaggawar isa kafin duhu. Kowa da hujjarsa, amma in mota ta kife ba a raba asarar daidai: mai kaya ya tsince albasarsa, mai mota ya kira makaniki, matar yaron mota kuwa ta shiga takaba. An je neman ƙiba an samo rama ke nan.

Waɗansu kuma da an yi magana sai su ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Gaskiya ne, amma malamanmu ba su taɓa raba tawakkali da ɗaukar sababi ba, kuma wanda ya ɗauki ran mutane a bayan motarsa amana ya ɗauka.

Abin da ya kamata a yi

Na farko, a fara lodi da kaya masu nauyi a ƙasa, a tsakiya, a matso da su wajen kan mota, marasa nauyi su hau sama, kuma dama da hagu su yi daidai kamar mangala. Na biyu, direba ya auna tsawon motarsa da awo bayan an gama lodi, ya riƙe adadin a ransa, in ma da hali ya rubuta ya manna a gaban sitiyari. Na uku, a fara ɗaurin tanfol daga gaba, a cusa bakinsa ta yadda iska ba za ta sami ƙofa ba, in tanfol biyu ne na gaba ya hau bisa na baya. Bayan an yi tafiyar kilomita kaɗan a tsaya a sake jan igiya, domin buhuna sukan zauna ɗauri ya saki. Na huɗu, direban tifa kada ya motsa daga wurin juye kaya sai ya cire giyar famfo, ya ji bodi ya zauna a kan shasi, ya kuma leƙa ya gani da idonsa. Masu tifofi su sa ƙararrawa ko fitilar da ke nuna bodi na sama, domin kuɗinta bai kai na taya ɗaya ba. Na biyar, a rage gudu tun kafin a shiga kwana, ba a cikinta ba, in hadari ya taso kuma a nemi fili nesa da itatuwa da turakun lantarki a tsaya har iska ta wuce.

In kuwa larura ta sa dole a matsar da mota da rufi ko bodi a ɗage, misali famfo ya lalace ko makulli ya karye, to a yi shi da tafiyar ƙafa, a wuri mai laushi ba gangare, wani yana ƙasa yana duba sama yana ba da hannu, kuma iyakarta fita daga hanya zuwa inda za a gyara. Rufin da ya ƙi kulluwa a ɗaure shi tam da igiya mai ƙarfi ta gaba da ta baya kafin a kai shi gareji. Masu ƙananan motoci da babura su ma su ba irin waɗannan motoci tazara, kada su jera da su a kwana ko a shataletale. Wanda ya ga hatsari ya kira lambar 122 ta Hukumar Kiyaye Haɗurra.

Babban aiki dai yana tasha, domin a nan ake yin lodi, a gaban shugabannin ƙungiyar direbobi ta NURTW da ta masu motoci ta NARTO. Jami'in da ya tare mota a Kware ya tarar da aikin gama ya gama, in ya ce a sauke kaya ma babu inda za a zuba su. Amma da za a kafa turaku biyu da sanda a gicciye a ƙofar kowace tasha da kowace kasuwar albasa da ta dabbobi, a ce duk motar da ta taɓa sandar nan ba za ta fita ba sai an rage, da an yi maganin abin tun daga tushe, da kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Muna fata hukumomin da abin ya shafa da shugabannin tasha za su duba wannan shawara tun kafin kakar albasa mai zuwa. Allah Ya kiyashe mu, Ya kai kowa gidansa lafiya, amin.